Wasannin da aka ci ni su suka nuna mini salona a ces

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na fara buga ces, wato wasan allo na mutum biyu da ake kira chess da Turanci, a waya a 2020, lokacin kullen korona, kuma har yau ban taɓa zama a gasa ido da ido ba. Duk abin da zan faɗa daga wasan intanet na samo shi, akasari a Lichess, dandalin da wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya buɗe a 2010, kyauta ne kuma babu talla. Da darar gida na taso, wadda ake haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya 12 yana neman ya jera uku. Ita ta sa na ɗauka ces zai zo mini da sauƙi. Haƙurin zama kaɗai na taho da shi daga dara, sauran duk sai da na koya daga tushe.

Ga wanda bai saba ba, allon yana da gida 64. Layukan tsaye suna da harafi daga a zuwa h, na kwance suna da lamba daga 1 zuwa 8, don haka idan na ce e4, sunan gida ne. 'Ya'yan su ne sarki, sarauniya, ruk, bishof, doki da soja. A ƙiyasin da kowa ke amfani da shi, soja maki 1 ne, doki da bishof 3 kowanne, ruk 5, sarauniya 9.

Lichess tana auna ƙarfin ɗan wasa da wani maki na daban, tana ɗora sabon shiga a kan maki 1500 da alamar tambaya a gefe, alamar cewa ba a gama auna shi ba. Cikin mako biyu na gangaro zuwa wajen 1050, kuma nan ne matsayina na gaskiya. Hawa zuwa 1200 bai ba ni wahala ba, don abu biyu kawai ya buƙata. Na farko shi ne tsare f7, gidan da sarki kaɗai ke gadinsa a farkon wasa. Idan fari ya fito da sarauniya h5 da bishof c4, kai kuma kana da soja a e5 da doki a c6, kar ka kai ɗaya dokin f6 don korar sarauniyar, domin za ta ci f7 wasa ya ƙare a motsi na huɗu. Soja g6 ake turawa, idan ta koma f3 sannan doki ya zo f6. Na biyu shi ne fito da dawakai da bishof-bishof da wuri, a kai sarki lungu ta hanyar musayar wuri da ruk kafin motsi na 10.

A 1200 ɗin na maƙale fiye da shekara. Ina buga wasan minti 3 har ashirin a dare ɗaya, ina kallon bidiyon yadda manya ke buɗe wasa, ina haddace motsi goma sha biyu na tsarin da abokan wasana ba su taɓa bi ba ko sau ɗaya. A zuciyata ni ɗan hari ne, mai sadaukar da 'ya'ya don ya farfasa gidan sarki. Idan harin ya yi kyau sau ɗaya, sai ya mantar da ni sau huɗun da dara ta ci gida.

Abin da ya sauya lamarin shi ne littafin rubutu mai shafi 40. Na ɗauki wasanni 50 na ƙarshe da aka ci ni, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina neman motsin da wasan ya fita daga hannuna. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne sai na nemo motsin da idona kafin in kunna injin Stockfish, manhajar da ke nazarin wasa, ya nuna mini. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, don idan ka fara da inji zai jera maka alamomin tambaya a kan motsin da ka yi kuskure, ka gyaɗa kai, gobe ka maimaita kuskuren. Da na ƙirga, fiye da rabin wasannin abu ɗaya ne ya kashe su: na ajiye ɗa a gidan da za a ci shi kyauta, ko kuma an kawo hari mai motsi ɗaya ban gani ba. Kusan goma agogo ne ya cinye ni alhali ina gaba. Wasu 'yan kaɗan na lalata su a ƙarshen wasa. Waɗanda zan iya cewa rashin sanin buɗe wasa ne ya jawo, ba su wuce uku ba, kuma a kansu nake kashe yawancin lokacina.

Kyautar da nake yi ma tana da kamanni, ba barkatai take zuwa ba. Doki ya faɗo c7 ya kama sarki a e8 da ruk a a8 lokaci guda. Sarauniya ta fito a5 ta yi wa sarkina cek, wato hari kai tsaye a kan sarki, a e1, a lokaci guda tana kallon bishof ɗina da na bari a g5 babu mai gadi. Bishof ɗin abokin wasa yana zaune a b7 tun motsi na shida, na manta da shi, sai ya ratsa dogon layin gicciye ya ɗauke ruk. Wannan na ƙarshe ciwon masu wasa a waya ne musamman, domin allon ƙarami ne, ido yana taruwa a inda ake fafatawa, ɗan da ke can nesa sai ya ɓace maka. Sai kuma kisan layin baya, kisa kuwa shi ne cek ɗin da sarki ba shi da mafita, wanda ke ƙare wasa: sarkina a g1, sojoji uku a f2, g2 da h2 sun toshe shi, ruk ya sauko layi na 1 shi ke nan. Maganinsa motsi ɗaya ne, a tura soja h3 a lokacin da babu wuta, sarki ya sami taga.

Daga nan na ɗora wa kaina al'ada guda, kuma ita ce ta ba ni maki 200 na farko. Duk lokacin da abokin wasa ya motsa, kafin in tuna shirina sai in tambayi kaina me motsin nan yake nema, kuma wane gida ya bari a buɗe. Idan na zaɓi nawa motsin, ba na taɓa allo sai na ɗauka a raina cewa na riga na yi shi, in duba duk cek da zai iya yi mini, duk abin da zai iya ci, sannan in ƙirga 'ya'yana da ba su da mai gadi. Wannan yana ɗaukar daƙiƙa 10 zuwa 15 a kowane motsi. A wasan minti 3 babu wannan sarari, shi ya sa dole na bar shi na koma 15+10, wato minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kan kowane motsi. Idan wasa ya kai motsi 40, kowannenmu yana da kusan minti 22. Na rage zuwa wasa biyu a rana, kowanne kuma sai na bi shi daga baya na kamar minti goma. Idan aka ci ni biyu a jere na rufe ke nan sai gobe, domin littafin ya nuna mini cewa wasa na uku bayan faɗuwa biyu da zuciya nake buga shi, ina neman ramuwa.

Akwai wani lissafi da ya kwantar mini da hankali. A tsarin makin Elo, wanda ake auna ƙarfin 'yan ces da shi, wanda ya fi abokinsa da maki 200 ana sa ran ya kwashi kusan kashi 76 cikin 100 na sakamako. Ke nan ko wanda ka fi nesa ba kusa ba zai ɗauki kusan ɗaya cikin huɗu. Faɗuwa a hannun na ƙasa da kai tana cikin lissafin tun asali. Haka kuma makin Lichess da na Chess.com, wani dandalin ces ɗin, ba ma'auni ɗaya ba ne, kowanne da inda yake farawa, kar ka gwada naka da na wani sai a dandali ɗaya da tsawon lokaci ɗaya. Ni dai na kunna tsarin da ke ɓoye maki yayin wasa, saboda na lura idan na ga mutum ya fi ni sai in tsorata in noƙe, idan na fi shi sai in raina shi in yi gaggawa.

Bayan wata shida na sake ɗaukar littafin, wannan karon na bi wasannin da na ci. A nan na ga abin da ban zata ba. Kusan babu wanda na ci da sadaukarwa. Yawancinsu tafiya ɗaya suke yi: na tsare gidana, abokin wasa ya gaji da jira ya turo sojoji ko ya kawo harin da bai nuna ba, na ci soja ɗaya ko ɗa ɗaya, na yi ta musaya har allo ya yi fili, sannan sojan nan ya zama sarauniya. Ashe ni ɗan jira ne mai matsewa a hankali, irin zaman da dara ta koya mini. Da na yarda da haka sai na zaɓi hanyoyin buɗe wasa da suka dace da halina, na bar waɗanda suke burge ni a bidiyo.

Da farare ina buga tsarin Landan: soja d4, bishof f4, soja e3, soja c3, dawakai a d2 da f3, ɗaya bishof ɗin a d3. Daɗinsa shi ne ginin ba ya rushewa da wuri. Rauninsa kuma a fili yake, da zarar bishof ya bar c1, sojan b2 ba shi da mai gadi, kuma duk wanda ya san abin da yake yi zai tura c5 ya kawo sarauniya b6. A nan jerin motsi yana da tasiri ƙwarai, kuma na biya kuɗin koyonsa da wasanni da dama. A ce an buga d4 d5, bishof f4 doki f6, e3 c5, c3 doki c6. Idan na fito da doki f3 a motsi na biyar, sai sarauniyarsa ta zo b6, in tare da tawa a b3, ya tura c4, in koma c2, sai ya kawo bishof f5 kamar kyauta. In na ci bishof ɗin, sarauniyarsa ta ci b2, ruk ɗina na a1 ba shi da mafita domin dokin b1 ya toshe shi. Dole in janye sarauniyata zuwa c1 in yi asarar lokaci. Amma idan doki d2 na fara fitarwa a motsi na biyar, wannan dabara ba ta aiki, don gidan b1 a buɗe yake, in ci bishof, in ya ci b2 in kawo ruk b1.

Akwai wani tarko da duk mai buɗewa da d4 zai haɗu da shi a matakinmu. Baƙi ya amsa da e5, ka ci, ya fito da doki c6, kai doki f3, shi sarauniya e7, kai bishof f4, sai ta yi cek a b4. Ka janye bishof d2, ta ci b2. A nan hannu yana son kai bishof c3 don korar ta, kuma shi ne kuskuren. Zai kawo bishof b4 ya kafe naka, wato ba zai iya kaucewa daga layin ba don sarki na bayansa, ka kai sarauniya d2, ya ci c3, ka rama da sarauniya, tasa ta sauko c1, wasa ya ƙare a motsi na takwas. Doki ake kaiwa c3 a wurin, sai ruk ya sami b1, sarauniyar tasa ce za ta koma neman hanyar gudu.

Da baƙaƙe, idan aka buɗe da e4 ina amsawa da Karo-Kan, c6 sannan d5. Abin da nake so a ciki shi ne bishof ɗin c8 yana fita f5 kafin in rufe ƙofa da e6, daga baya in bugi tsakiya da c5. Wuri biyu na sha wuya. Idan fari ya tura e5, na fito f5, sai ya buga h4, to ba wasa yake yi ba. In na rufe da e6, zai turo g4, h5 da f3 su kewaye bishof ɗin ya mutu a tsaye. Amsar ita ce h5 ko h6 nan take. Na biyu, idan an yi musaya a e4, dokinsa yana e4, nawa yana d7, sai ya ajiye sarauniya a e2, kar ka kai dokin g8 zuwa f6 bisa sabo. Dokinsa zai faɗo d6 da kisa, domin sojan e7 a kafe yake ba zai iya ci ba.

Hari ɗaya na riƙe daga tsohon halina, shi ne sadaukar da bishof a h7, amma yanzu sai sharuɗɗansa sun cika. Sarkin abokin wasa yana g8, babu doki a f6 kuma ba zai iya komawa can ba, galibi saboda ina da soja a e5. Bishof ɗina yana d3, doki a f3, sarauniya tana da hanya zuwa h5, gidan g5 kuma yana da mai gadi, wanda a Landan bishof ɗin f4 ne. Sai in ci h7 da cek, doki g5 da cek, sarauniya h5. Kafin in fara sai na lissafa har da fitowar sarki g6, don nan ne yawancinmu ba mu dubawa. Idan yana da bishof a e7 da zai ci dokin a g5, ba na taɓawa sai ina da soja a h4 da ruk a h1. In sharaɗi ɗaya ya ɓace, na bar shi, domin garin neman gira ake rasa ido.

Wanda salonsa musaya ne dole ya iya ƙarshen wasa, in ba haka ba wahalar banza yake yi. Ƙa'idar farko: idan kana gaba, musanya manyan 'ya'ya, ka riƙe sojoji. Bishof ɗaya ko doki ɗaya ba ya kisa, dawakai biyu ma ba sa tilasta shi, don haka in sojanka na ƙarshe ya tafi, ribar ɗa guda ta zama canjaras. A wasan sarki da soja ɗaya, sarki ne ke shiga gaba, soja ya biyo baya. In sarkinka ya hau layi na 6 a gaban sojansa, misali sarki e6 da soja e5, ka ci ko wane ne ke da motsi, sai dai in sojan gefe ne na a ko h, wanda canjaras ne muddin sarkin abokin wasa ya isa lungun. Akwai alama mai sauƙin riƙewa: in sarkinsa yana layin baya, naka yana gefen sojan, sojan ya taka layi na 7 da cek, to canjaras ne, in ya taka shiru ka ci. Idan kai ne mai karewa kuma aka tilasta maka ja da baya, ja kai tsaye a layin sojan, kar ka karkace. Da sarauniya kuma a kula da lungu. Sarki a a8, sarauniya a b6 ko c7, in motsinsa ne kuma ba shi da wani ɗa mai motsi, wasa ya tashi canjaras. Na zubar da nasara ta wannan hanya fiye da sau ɗaya kafin in koyi tsayar da sarauniya in bar masa gida biyu, in taho da sarkina.

Sai matsalolin da suka shafi inda muke zaune. Ces ba ya cin data sosai, amma yana son layi mai tsayuwa, domin in sabis ya yanke agogonka bai tsaya ba. Ba na fara wasa in cajin waya bai kai rabi ba, kuma na gane lungun ɗakin da sabis ya fi zama. Zamewar yatsa ta sa na kunna tabbatar da motsi a dogon wasa, ina kuma taɓa ɗa sannan in taɓa gidan da za shi maimakon jan sa. Motsin da ake ajiyewa tun kafin abokin wasa ya motsa ba na yin sa sai wurin ramuwar ci da babu wata amsa. In agogo ya matse ka, ka tuna cewa idan lokacinka ya ƙare alhali abokin wasa sarki kaɗai ya rage masa, canjaras ake rubutawa, don haka cinye sojansa na ƙarshe yana da daraja. Game da addini, na san malamai sun yi saɓani a kan wannan wasa, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da na ɗaure kaina da shi shi ne babu caca ko ta sisi, kuma tunda wasan 15+10 yana iya cin minti 45, ba na fara shi in lokacin salla bai fi haka nisa ba. Duba inji ana cikin wasa kuwa ha'inci ne, ana kuma hukunta asusun mai yi.

Yanzu ina yawo tsakanin 1700 da 1750 a dogon wasa. Kullum ina warware tambayoyin dabara 10, ba na taɓa allo sai na ga amsar har ƙarshe, kuma ina zaɓar jigo ɗaya a mako, kamar harin baki biyu, wato ɗa ɗaya ya kama biyu lokaci guda, ko kafewa. A wannan mataki mutane sun rage ba da kyauta, salon jira kaɗai ya daina isa. Shafukan baya-bayan nan na littafina suna nuna abu biyu. Idan abokin wasa ya zauna shiru bai kawo hari ba, ina jinkirin tura e4 a Landan har ya gama shiri ya riga ni buɗe tsakiya. Sannan ina faɗuwa a ƙarshen wasan ruk da ya kamata ya tashi canjaras. Shi nake maimaitawa da inji a wannan watan, matsayin da ake kira na Filido: sarkina a gidan da sojansa zai zama sarauniya, ruk ɗina a layi na uku daga gefena yana hana sarkinsa hawowa, in jira har ya turo sojan kan wannan layi, sannan in zura ruk can ƙarshen allo in yi ta cek ta baya, tunda sarkin ba shi da sauran wurin fakewa. A zaune ina yin sa daidai. In agogo ya koma ƙasa da minti ɗaya, har yanzu nakan sauke ruk ɗin kafin sojan ya taka layin.